Zomo Mai Sirdi: Labarin Wani Dattijo da Jikarsa a Ingila

Bahaushe ya san zomo a wuri uku. Ya san shi a tatsuniya, inda yake yi wa manyan dawa wayo. Ya san shi a daji, inda karnukan farauta ke bin sa. Ya kuma san shi a tukunya. Idan aka ce masa akwai ƙasar da ake yanke wa zomo farce, a goge masa ƙafafu, a sa masa zobe, sa'an nan a ɗauke shi tafiyar mil ɗari a kai shi gaban alƙali mai farar riga domin kawai a duba kyansa, to abin da zai fara cewa shi ne ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Haka kuwa wani dattijo mutumin Zariya ya ce ranar da aka fara ba shi labarin, ko da yake ya fi shekara arba'in yana zaune a Bradford, cikin lardin Yorkshire na ƙasar Ingila, yana kuma tsammani babu sauran abin da Turawa za su yi ya ba shi mamaki.

Karatu ne ya kai shi can yana saurayi, aiki ya riƙe shi, iyali suka ɗaure shi. Bai daɗe da yin ritaya ba uwargidansa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Daga nan sai gidan ya yi masa faɗi. Ya zama ba ya fita sai masallaci da kanti, ya wuni bakin taga yana kallon ruwan sama, abincin da 'yarsa ke kawo masa kuwa sau da yawa sai ta tarar da shi yadda ta ajiye. Ran Asabar takan bar masa ɗiyarta, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wai ta ɗebe masa kewa. Amma wace hira za a yi? Hausar yarinyar ba ta wuce gaisuwa ba, shi kuwa ya ɗaure wa kansa ba zai yi wa jininsa Turanci ba. Ya ce mata, "Amarya, yau me kika dafa mini?" ta yi murmushi ta sunkuyar da kai ga wayarta. Wasan jika da kaka ya zama na mutum ɗaya.

Maƙwabcinsa wani tsohon Bature ne da ya yi aikin masaƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Shekara da shekaru suna gaisawa ta kan shinge, dattijon yana ganin sa kullum safiya yana shiga wata rumfar katako a bayan gida da bokiti, bai taɓa tambaya ba. Yarinyar ce ta tambaya. Tsohon ya buɗe musu rumfa, sai ga akurki jere bisa jere, kowane da zomo ɗaya, bango kuwa ya cika da katuna ja da shuɗi da rawaya, waɗansu har sun koɗe. Dattijo ya dubi wani ƙosasshe ya ce nawa ake sayar da kilo. Bature bai yi fushi ba. Ya ce su shirya, cikin watan Janairu zai kai su su gani da idonsu.

Taron da ya kai su shi ne wanda ake kira da sunan Bradford, wanda aka fara tun 1921, ko da yake daga baya an riƙa yin sa a waɗansu garuruwa kamar Harrogate da Doncaster. Babban zaure ne cike da kejin waya, ga zomaye iri iri har ido ya gaji: masu kunne a zube kamar na tunkiya, masu gashi kamar ƙaramiski, ƙattai da suka kusa ɗan akuya, da waɗansu 'yan mitsi-mitsi da ba su cika tafin hannu biyu ba. Abin da ya fara kama hankalin dattijon ba zomayen ba ne, mutanen ne. Ya ga tsofaffi irinsa, waɗansu da sanda, suna gardama kan kunnen zomo da irin zafin da ya san ana yi kan doki a gida ranar hawan salla. Ya juya zai nuna wa jikarsa wani abu, sai ya ga ta cusa waya a aljihu, ta manne fuska jikin keji. A mota suna komowa ta tambaye shi, da Hausarta mai tuntuɓe, ko ya taɓa kiwon zomo. Ya ce ƙwarai, yana yaro, a rami, da ganyen dankali da harawa da dusa. Ba ta san harawa ba. Ya yi mata bayani har suka iso gida. Rabon da ya yi magana mai tsawon haka tun kafin rasuwar.

Washegari ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ya ce yana son ya saya. Tsohon ya ce a'a, ba yanzu ba. Ya ce wanda duk ya fara da saye, da kuka yake ƙarewa. Sai mutum ya yi ta zuwa ƙananan taruka yana kallo, ya tsaya bayan teburin alƙali ya ga abin da hannunsa ke nema, ya karanta mujallar masu wannan sha'awa, watau Fur & Feather, sa'an nan ya zaɓi iri guda ɗaya tak ya tsaya a kansa. Kada kuma ya kuskura ya sayi zomon kantin dabbobi yana zaton na gasa ne; wurin mai kiwon irin ake zuwa, a ga uwa, a ga uba, a ga tsabtar rumfa. Wannan shawara ce mai kyau, kuma kusan kowane sabon shiga yakan ji ta ya ƙi bi. Dattijon dai ya bi, ba don haƙuri ba, sai don tsohon ya ƙi gaya masa inda ake sayarwa sai bayan wata uku.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abin nan ba haka kawai ake yin sa ba. Akwai Majalisar Masu Kiwon Zomaye ta Biritaniya, wadda aka kafa a 1934, ofishinta yana garin Newark. Ita ke rubuta siffar da ake so ga kowane iri, da nauyinsa, da launinsa, da yadda za a raba maki 100 a jikinsa. Ta kasa zomayen gasa kashi huɗu: na ado, masu zubabben kunne, na gashi, da masu gajeren gashi mai laushi da ake kira Rex. Ita ce kuma ke sayar da zobe. Zoben nan na ƙarfe ne mara nauyi, a jikinsa akwai shekara da harafi da lamba, ana zura shi a ƙafar baya tun zomo yana wajen wata biyu. Da ya girma ba ya fita sai an yanke. Shi ne takardar shaidar zomo. Idan ka sayi zomo mai zobe, sai an juya rajistar zoben zuwa sunanka kafin ka kai shi gasa. A Amurka, inda tasu ƙungiyar ta samo asali tun 1910, ba zobe suke sawa ba, lamba suke tsagawa da tawada a cikin kunnen hagu. Yara ma suna da tasu rajista da nasu aji. Saboda haka dattijon ya ce a rubuta zoben da sunan amaryarsa, shi ɗan aike ne kawai.

Irin da suka zaɓa shi ne wanda Turawa ke kira Dutch, watau ɗan Holan, ko da yake a Ingila aka gyara shi, cikin ƙarni na 19, daga zomayen da ake kawowa kasuwar Landan ta tashar Ostend ta Beljiyam. Ƙarami ne, bai fi kilo biyu da 'yan kai ba, ga sanyin hali, matan kuma sun iya reno. Yarinyar ta so shi don kyau. Dattijon ya so shi don araha, da kuma don Bature ya ce layin da ya raba fari da baƙi a bayansa ana ce masa sirdi. Jikan mahaya ne, ya ji an ambaci sirdi, magana ta ƙare.

Ashe a nan wahalar take. Zomon nan rabinsa na gaba fari ne, na baya mai launi. Ana so layin sirdin ya zagaye jiki sak, kamar an ja shi da zare, ya bi ta ƙarƙashin ciki kamar majayi ba tare da ya karkace ko ya taɓa ƙafar gaba ba. Ana so kumatu biyu su zama daidai da juna, kewayayyu, su rufe ido, su tsaya kafin gashin baki. Tsakaninsu fari ya hau goshi yana tsukewa kamar bakin mashi har ya shige tsakanin kunnuwa. Ƙeya ta zama fara tas. Ƙafafun baya su sa farar safa, tsawonta inci ɗaya da kwata, ta dama daidai da ta hagu. Fiye da rabin makin duka a kan wannan zane yake. Ga shi kuwa zanen ba ya gaduwa yadda mutum ke so: uwa da uba su zama zakaru, 'ya'ya su fito wannan kumatu ɗaya ya zarce, wancan safa ɗaya ta yi tsawo. Tun suna kwana uku ko huɗu a sheƙa, fata tsirara, ake ganin zanen, kuma yadda ya fito haka zai mutu. Babu abinci ko magani da ke gyara shi.

Suka kawo namiji ɗaya da zomanya biyu, baƙaƙe. Ranar farko dattijo ya kai hannu ya cafko namijin ta kunne, yadda ya saba yana yaro. Tsawar da maƙwabci ya daka masa, har yarinyar ta firgita. Ba a ɗaga zomo da kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallabe gindi, domin in ya yi shure a sama yana iya karya ƙashin bayansa. Haka ya yi ta kwance tsohon sani yana ɗaura sabo. Ya koyi cewa karas da latas ba su ne abincin zomo ba, ingirici ne, watau busasshiyar ciyawa, ita ce kusan dukan cimarsa, domin haƙoransa ba su daina tsiro har ya mutu, sai tauna ke rage su. Ya koyi cewa zomon da ya wuni bai ci ba, bai yi kashi ba, yana bakin mutuwa. Ya koyi cewa ba a yi masa wanka. Farar ƙafa da tsabtar shimfiɗa ake samun ta, a riƙa sauya dusar katako kafin ta jiƙe. Kowane abu ya koya da Turanci, sai ya juya shi Hausa ya koya wa jika ran Asabar, ita kuma ta rubuta a wani ɗan littafi.

Abu ɗaya ya ƙi ji, shi ne allurar rigakafi. Ya ga kuɗin da likitan dabbobi ke karɓa ya fi kuɗin zomon kansa, ya ce wannan almubazzaranci ne, zomayen ramin Zariya wa ya yi musu allura? Maƙwabci ya ba shi labarin cutar miksomatosis, mai kumbura ido, wadda ta shiga Ingila a 1953 ta kusa share zomayen daji ƙaf. Da cutar zubar jini da aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, wadda sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, mai kashewa dare ɗaya ba tare da alama ba, wadda takalmi ko ƙuda ko ciyawa ke iya kawowa. Dattijo ya ce to, wata mai zuwa. Kafin wata mai zuwa, wata safiya ya tarar da zomanya ɗaya a miƙe, wadda jiya da dare ta ci ta ƙoshi. Ita ce wadda yarinyar ta fi so. Bai ɓoye mata ba, ya ce, "Amarya, laifina ne, rowa ce ta ja." Ta yi kuka, ba ta zo ba Asabar biyu. Shi kuwa ya ƙone shimfiɗa, ya wanke rumfa da magani, ya kai sauran biyun aka yi musu allura, ya biya bai ce uffan ba. Allah ya sa suka tsira.

Kwanci tashi aka kai zomanyar da ta rage ɗakin namiji, don ita ake kaiwa, in aka kawo mata shi faɗa za ta yi. Bayan kwana 31 ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa ta haihu. Shida, babu na kirki ko ɗaya. Haihuwa ta biyu ma haka. Aka raba su ga masu son kiwo don sha'awa, gama doka ce ta gidan da 'yarsa ta kafa cewa duk wanda yarinya ta raɗa wa suna ba zai ga wuƙa ba. A haihuwa ta uku maƙwabci ya ɗaga wani ɗan namiji a tafin hannu, ya juya shi, ya sāke juyawa, ya daɗe bai yi magana ba. Kumatu daidai, mashin goshi sak, safa biyu kamar an auna. Sai da gashi ya fito sosai aka ga abin: a gefen hagu na sirdi, waɗansu 'yan baƙaƙen gashi sun kutsa cikin fari, ba su fi faɗin ƙwayar gero uku ba.

Aka sa masa zobe, aka aika wa sakataren wani ƙaramin taro na ƙauye sunansa da 'yan kuɗin shiga, a ajin 'yan ƙasa da wata biyar. Yarinyar ta yi mako uku tana koya masa zama bisa tebur, tana shafa shi da danshin hannu daga kai zuwa wutsiya don fitar da mataccen gashi. Dattijon kuwa ba abin da yake gani sai ɗigon nan. A yawon tarukan da ya yi ya taɓa jin ana raɗa cewa akwai masu tsige irin wannan gashi, ko da yake dokar majalisa ta hana, wanda aka kama kuwa a fitar da zomonsa, sunansa ya ɓaci. Ya riƙa gaya wa kansa ai ba don kansa ba ne. Shi ya kashe mata zomanya. In ta sami jan kati, ya biya bashi. Gashi goma ne ko goma sha biyu. Wa zai sani?

Daren jajibere, bayan ya tabbata ta yi barci, ya ɗauko matsefatar da ya zo da ita daga gida tun zuwansa na fari, ya shiga rumfa ya kunna fitila. Ya ɗora zomo bisa buhu, ya buɗa gashin da yatsa, ya sa tabarau. Hannunsa yana rawa, ko don sanyi ko don wani abu. Bai ji buɗe ƙofa ba.

Ta ce, "Kaka, ƙaya ce ta soke shi?"

Shi ya koya mata kalmar. Watanni kaɗan da suka wuce ta ga matsefatar a cikin akwatinsa, ya ba ta labarin yadda suke cire ƙaya a ƙafa in sun dawo daga gona, ta rubuta a littafinta. Ga shi yau ta haɗa jimla cikakkiya, babu tuntuɓe, irin wadda ya yi shekaru yana jira, kuma ta miƙo masa ƙaryar da zai fake da ita. Da ya ce i, shi ke nan, za ta riƙe masa fitila ma. Ya dubi zoben da ke ƙafar zomon. Lambar da ke jiki da sunanta aka rubuta a Newark, ba da nasa ba.

Ya ce, "Babu ƙaya, amarya. Gashin nan na so in tsige."

Ta ce, "An hana."

Ya ce, "An hana."

Ba ta ƙara cewa kome ba. Ta miƙa hannu, ya sa mata matsefata, ta jefa a aljihun rigar barcinta, ta ɗauki zomonta yadda aka koya mata, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, ta mai da shi akurki ta sa sakata. Dattijo ya daɗe zaune bisa buhun abinci kafin ya kashe fitila.

Da sassafe suka tafi su uku a motar maƙwabci. Zauren ƙauye ne, ana warin ciyawa da shayi. Sakatare ya ba su lambar keji da 'yar takarda mai danƙo da ake liƙawa cikin kunnen zomo. Daga nan mai zomo ba shi da sauran magana: masu taya alƙali, su ma da fararen riguna, su ke ɗauko zomaye su jera bisa tebur, kuma abin kunya ne mutum ya nuna wa alƙali wanne ne nasa, ko da ƙifta ido. Bakwai ne a ajin. Alƙalin, wata dattijuwa ce mai gajeren gashi, ta fara duba zobe, da haƙora, da ido, da farce. Ta kifar da kowanne ta dubi majayi. Ta miƙe ƙafafun baya ta gwada safa da safa. Biyu ta mayar nan da nan. Da ta zo kan nasu sai ta daɗe. Ta zaunar da shi, ta ja da baya ta dube shi ta gaba. Sa'an nan ta sunkuya ta hura iska a kan layin sirdi, tun daga dama har hagu, gashi yana buɗewa har fata. Dattijo ya ji gwiwarsa ta yi sanyi, don ya gane abin da ake nema da wannan hurawa: gurbin gashin da aka tsige ba ya ɓuya. Ta iso kan ɗigon, ta taɓa shi da yatsa, ta ɗan girgiza kai, ta matsar da shi daga kan layi zuwa na uku.

Katin rawaya suka samu. Bayan an gama, yadda aka saba, alƙali ta zagaya tana amsa tambayar masu zomaye. Ta gaya wa yarinyar cewa kan zomon nan ya fi na kowa a teburin, sirdi ne ya kayar da shi, kada ta sayar, ta nemo masa zomanya daga gidan da sirdinsu ke da tsabta. Yarinyar ta juyo ta fassara wa kakanta da Hausa, alhali ta san sarai ya ji.

Da suka komo aka ware zomon a wani akurki can gefe na mako biyu, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya shiga taro, kada ya kwaso wani abu ya raba wa na gida. Maƙwabci ya kawo ƙusa da guduma, aka kafa katin a bangon rumfa, shi kaɗai a faffaɗan katako. 'Yarsa ta zo ɗaukar yarinya ta tarar kwanon tuwo babu kome, har yana tambaya ko da saura. Tsohon Bature ya ce ya san wani a wajen Halifax mai baƙaƙen zomanya masu kyan sirdi, amma mutumin ba ya sayarwa sai ya ga rumfar mai saye da idonsa, saboda haka aka sa ranar wanke rumfa Asabar mai zuwa.

Suna fita dattijo ya ce, "Amarya, matsefatata fa?"

Ta ce, "Sai ka taka ƙaya, tsoho," ta shige mota.